Shekara ɗaya da tsarin rage cin wuta: me ya biya kuɗin sabulu?

Haushi ne ya sa na sa hannu a takardar wani kamfani mai gyara gidaje don su rage cin wuta, ban yi wani dogon nazari ba. Wata uku a jere takardar kuɗin wuta tana zuwa, kowacce ta ɗara ta baya, alhali ko fanka ɗaya ba mu ƙara a gidan ba. Da na jera takardun a kan tebur sai na ga yawan yunit ɗin da muke ci kusan ɗaya ne, farashin kowane yunit ne ya yi sama. Kowa ya san yadda abin ya faro: tun daga 2022, lokacin da yaƙin Rasha da Yukiren ya hargitsa kasuwar iskar gas, ƙasashe da yawa da ke ƙona gas su samar da lantarki suka ji a jikinsu, wasu gwamnatocin kuma suka rage tallafi. Ni dai ba ni da iko a kan farashi. Abin da ke hannuna shi ne yawan abin da gidana ke zuƙa, sai ga talla ta zo daidai da ciwona: za su auna gida, su canza kayan da ke cin wuta, ni kuma in biya kaɗan-kaɗan cikin wata 36, kuma wai abin da zan rage a takarda shi zai riƙa biyan bashin.

Yau shekara guda ke nan cif. Zan yi lissafin da yunit maimakon kuɗi, domin farashi ya bambanta daga wuri zuwa wuri, yunit kuwa ɗaya ne ko'ina: kayan da ke jan wat 1,000 in ya yi awa ɗaya a kunne, ya ci yunit ɗaya.

Yaron da suka turo ya yi awo ya burge ni, kuma shi ne ɓangaren aikin da ba ni da ƙorafi a kai. Ya zo da wata 'yar mita da ake cusawa a soket, sannan a jona kayan wuta a jikinta, ta nuna wat nawa yake ja a lokacin da kuma yunit nawa ya ci tun da aka jona shi. Ya bar mana ita mako guda. Daren farko, bayan yara sun yi barci, na durƙusa bayan talabijin da fitilar waya a hannu. Talabijin a kashe, dikoda a kashe, na'urar sauti a kashe, amma 'yar mitar nan tana nuna 15. Na zare filogin dikoda, ta faɗo 4. Uwargida ta leƙo ta ce, "Maigida, lafiya kake rarrafe a bayan talabijin da tsakar dare?" Na ce mata ɓarawo na kama. Wat 15 ba komai ba ne a ido, amma dare da rana, kwana talatin, ya kusa yunit 11 a wata, a kan kayan da ba wanda yake kallo. Soket mai makunni ɗaya ya kashe wannan maganar.

Ƙwayayen fitila su ne suka fi ba ni mamaki, don na raina su. Muna da tsofaffin ƙwai masu zare guda 12, kowanne wat 60, suna yin kamar awa biyar a kunne kullum. Wannan yunit 3.6 ne a rana, 108 a wata. Irin wannan ƙwan kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ci zafi yake mayar da ita, haske ɗan abin da ya rage ne, shi ya sa ba ka iya taɓa shi in ya jima a kunne. Aka sa mana na LED masu wat 9 da ke ba da haske daidai da na dā, wajen lumen 800 kowanne. Lissafin ya dawo yunit 16 a wata. Ban ga laifin waɗanda suka ba wa Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura kyautar Nobel a 2014 saboda ƙirƙiro shuɗin LED ba, wanda daga gare shi aka samu wannan farin hasken. Kafin wata uku ƙwayayen sun mayar da kuɗinsu.

Sai dai ba su tambaye mu launin hasken da muke so ba. Duka suka kawo masu lamba 6500K, farin nan fat mai ɗan shuɗi-shuɗi. Uwargida ta ce ɗakin kwana ya koma kamar ɗakin tiyata, kuma gaskiyarta. Na sayo masu 2700K da kuɗina, masu haske ja-ja mai sanyin ido, na sa a ɗakuna. Biyu kuma sun mutu kafin wata biyar, duk da an rubuta awa 15,000 a kwalinsu. Duka biyun a cikin rufaffen gilashi suke, inda zafi ke taruwa ya dafa 'yan kayan da ke gindin ƙwan. Kamfanin ya canza su, amma sai da na kira sau huɗu.

Firiji sun so in canza, na ƙi, kuma har yau ina yi wa kaina barka. Mai tallarsu ya nuno min hoton wani sabo yana ta nanata A da alamomin tarawa, wato makin da ke nuna ƙarancin cin wuta. Na riga na san tun watan Maris na 2021 Tarayyar Turai ta sauya ma'aunin firiji ya koma daga A zuwa G kawai, wanda a dā ake yi wa kirari da A+++ yana iya zama C ko D a sabon ma'auni. Namu tsoho ne, mita ta nuna yana cin yunit 2.4 a rana. Yaron awon nan ne ya rage murya ya ce, "Yallaɓai, kafin ka saya, kawo takarda." Ya sa ta a bakin ƙofar firijin ya rufe, ya ja, ta zare salin-alin ba tare da ta tirje ba. Robar ƙofar ta saki, sanyi yana fita, kwamfiresa ba ta hutawa. Muka canza roba, muka janye shi daga jikin bango kamar tafin hannu, muka share ƙurar da ta yi kauri a ƙarafan bayansa. Ya sauko 1.8. Ba mamaki shugabanninsa ba za su so jin wannan labarin ba.

Hitar ruwan wanka ma gyaranta bai ci komai ba. Tukunyar lita 50 ce, kuma ɗaga zafin ruwa lita 50 daga digiri 20 zuwa 60 yana buƙatar yunit 2.3 ne kacal. Mu kuwa a kunne muke barin ta yini da kwana, tana hucewa tana sake tafasa ruwan da ba mai amfani da shi, har ta kai yunit 4 a rana. Suka sa mata agogon da ke kunna ta da asuba ya kashe bayan awa biyu. Na so in rage zafin ƙasa da haka, mai haɗa wutar ya hana ni: ruwan da ke kwance a tukunya in bai riƙa kaiwa digiri 60 ba, ƙwayar cutar Legionella tana samun wurin yaɗuwa. Na bar shi yadda ya ce.

Da a nan aka tsaya, da na ba su cikakken maki. Amma duk waɗannan ƙananan abubuwa ko kashi ɗaya cikin bakwai na bashin ba su kai ba. Gundarin kuɗin yana kan abu biyu: audugar gilashi da aka shimfiɗa a saman silin don tare zafin kwano, da sabuwar na'urar sanyaya ɗaki mai inbata, wato irin wadda ke daidaita gudun injinta da kanta.

Shimfiɗar silin tana aiki, ba zan yi ƙarya ba. Da rana tsaka in ka ɗora tafin hannu a silin ɗin falo ba ka jin ɗumin nan na dā, kuma ɗakin yana riƙe sanyi bayan an kashe na'ura. Amma ɗakin yara bai canza ba ko kaɗan. Bayan wata biyu na ari tsani na leƙa da kaina. Sai na tarar sun shimfiɗa inda ido ke gani daga bakin ƙofar silin, can kusurwa inda rufi ya yi ƙasa sai an kwanta rub da ciki kuwa fayau, ga naɗi biyu na audugar a jingine ko buɗe ledarsu ba a yi ba. Na sauko hannuwana suna ƙaiƙayi har washegari, raina kuma ya fi hannun ɓaci. Na ɗauki hoto na tura, sai da aka yi mako uku kafin su dawo su ƙarasa. Duk wanda za a yi wa wannan aikin, ya hau ya duba kafin ma'aikata su kwashe tsaninsu.

Na'urar sanyaya ɗakin ce ta sa nake wannan rubutu. Ita kanta ba ta da aibu: shiru take, ba ta yin gurnanin nan na tashi da tsayawa, domin mai inbata rage gudun kwamfiresa take yi in ɗaki ya yi sanyi, maimakon ta kashe ta sake tayarwa da ƙarfi. Tsohuwar tana cin yunit 5.5 a dare, sabuwar 3.5. Ragin yunit 2 ke nan, 60 a wata. To amma rabonta a cikin biyan wata-wata ya kai kuɗin yunit 90, kuma wata bakwai kawai muke kunna ta a shekara, bashi kuwa bai san lokacin sanyi ba. A shekara ta rage min 420, na biya kwatankwacin 1,080 a kanta. Tsohuwar kuma lafiyarta ƙalau lokacin da aka cire ta. An sayar da kare an sayi biri.

Akwai kuma laifin da yake namu. Tunda muka ji cewa sabuwar ba ta cin wuta, sai muka fara kunna ta tun bayan la'asar, yara kuma suka daina kashe fitila saboda ni da bakina na ce musu waɗannan ƙwayayen ba sa cin komai. Wani masanin tattalin arziki na Ingila, William Stanley Jevons, ya lura da irin wannan tun 1865, cewa injunan da suka rage cin kwal sun sa an ƙara yawan ƙona kwal ne, don ya zama da sauƙi. Ban taɓa zaton zan ga maganarsa a falona ba. A takardar da kamfanin ya ba ni an ƙiyasta ragin kashi 40 cikin 100, lissafin da ya ɗauka cewa halinmu ba zai canza ba. Abin da mita ta nuna a watannin zafi shi ne daga wajen yunit 600 zuwa wajen 440, rubu'i da ɗan ɗoriya. A watannin sanyi ragin bai wuce 100 ba. Biyan wata-wata gaba ɗaya kuwa daidai yake da kuɗin yunit 150. Ga kuma wani kaso a takardar wuta da ake cira ko ka kunna ko ba ka kunna ba, wanda ba wani ƙwan LED da zai taɓa shi.

Daga baya na gane ba ni ne farkon shiga wannan rami ba, gwamnati guda ma ta shiga. A 2013 Birtaniya ta ƙaddamar da shirin Green Deal a kan wannan alkawarin sak: a gyara maka gida da rance, ka biya ta cikin takardar wuta, kuma biyan kada ya wuce abin da aka ƙiyasta za ka rage. Kuɗin ruwan ya kai kashi 7 cikin 100 ko fiye, gidaje wajen 14,000 kacal suka karɓi rancen a ƙasa mai miliyoyin gidaje, a 2015 gwamnati ta daina zuba kuɗi a ciki. Kalmar da ta kayar da su ita ce ta kayar da ni: ƙiyasi. Ragin ƙiyasi ne, bashin kuwa tabbas ne. Ni ma kuɗin ruwa yana cikin yarjejeniyata, a shafi na huɗu, an kira shi kuɗin hidima, kuma da na tara biyan wata 36 na kwatanta da farashin kayan a hannu sai na ga bambancin da ya isa in tsaya tun farko. Uwargida ta ce in kwana da takardar kafin in sa hannu. Ban ji ba.

Wa zan ce ya shiga? Wanda na'urarsa ta riga ta mutu kuma dole ya sayi wata, wannan ya sayi mai inbata, bambancin kuɗin zai dawo. Wanda gidan nasa ne, zai daɗe a ciki, kuma rufinsa yana gasa shi, shimfiɗar silin za ta amfane shi shekaru masu yawa bayan an gama biya, in ya tsaya a kan ma'aikata. Ɗan haya kuwa kada ya soma, zai gyara wa mai gida rufi ne ya tashi ya bar shi. Kamfanin da na yi hulɗa da shi ba ya yarda a ɗauki awo da ƙananan gyare-gyare kaɗai, sai dai a ɗauki ƙunshin duka, kuma yanzu na fahimci dalili.

Da suka zo karɓar 'yar mitarsu na nemo irinta na saya, kuɗinta bai kai na ƙwayayen fitilar ba. Yanzu haka tana gidan yayana. Shekaranjiya da dare ya kira ni, ko sallama bai gama ba ya ce, "Kai, ashe tsohuwar firizar nan da ke baranda, wadda ba komai a ciki sai ƙanƙara, yunit uku take ci kullum?" Na ce, "Yaya, zare filogin tukuna, sannan mu gaisa." Ni kuma saura wata 24 a kaina.