Argungu, Yawuri ko Gurara: ina ya dace a kai iyali ganin ruwa?

Mai son ganin ruwa yana zubowa daga kan dutse ya san cewa yawancin ƙasar Kabi shimfiɗaɗɗiya ce, fadama da gulbi. Magangarar ruwa mai girma sai an tsallaka zuwa jihar Neja, a Gurara, gefen hanyar Minna zuwa Suleja. Daga Birnin Kebbi tafiyar yini ce, dole a kwana. Ruwan ya fi cika a Agusta da Satumba, a lokacin ne kuma duwatsun ke santsi saboda gansakuka, don haka ba a hawansu da silifas, ba a shiga wanka.

In tarihi ake so tare da ruwa, Argungu ta fi, ta kuma fi araha. Tafiyar kusan awa ɗaya ce daga Birnin Kebbi, a je da safe a dawo kafin magariba. A fara da Gidan Tarihi na Kanta. An gina shi a 1831, ya kasance fadar sarki har 1942, aka mai da shi gidan tarihi a 1958. Akwai makaman yaƙi, tambura, kayan kamun kifi, da kaburburan sarakunan Kabi. A nemi jagora tun daga ƙofa, domin yawancin labarin a bakinsa yake, kuma a tambaya kafin a ɗauki hoto. Daga nan sai gulbin Matan Fada, inda ake bikin kamun kifin da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, bikin da UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da shi a 2016. Ba kowace shekara ake yinsa ba. Wanda ya je ba lokacin biki ba, gulbi zai tarar shiru, babu masunta da homa da gora, don wurin a ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa yake. A shekarar da za a yi, a kama masauki da wuri.

Yawuri, ta hanyar Jega da Koko, ta mai son faɗin ruwa ce. Kogin Kwara ne ya bazu bayan kammala madatsar Kainji a 1968, ya ci tsibirai, aka tashi Gungawa, mazauna tsibiran, da dama daga matsugunansu. Haɗarin nan a jirgin ruwa yake. Kututturan itatuwan da ruwa ya shanye suna nan a ƙasa, ga lodin da ya wuce ƙima, ga iskar damina. Hatsarin jirgin ruwan da ya auku kusa da garin Wara a Mayun 2021 ya ci rayuka masu yawa. Kada a shiga ba rigar kariya, har yara, kuma in bakin jirgi ya kusa shafar ruwa a jira na gaba. Ranar kasuwa lodi ya fi muni.

Ga Yawuri da Gurara, a tambayi direbobin tasha halin tsaron hanya a ranar tafiya, ba labarin makon jiya ba, kuma a isa masauki kafin rana ta faɗi.