Gargaɗi ga mutanen Zariya masu gida ko shago a Jibiya: a kula da masu cewa "kada ku zo"

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in rubuta, domin ta shafi gidanmu, kuma Gwaggo ba ta so a ji. Sai da na lallashe ta, na nuna mata cewa in muka yi shiru gobe wata baiwar Allah ce za ta faɗa wannan rami, sannan ta ce in rubuta amma kada in kama sunan kowa. Na yi mata alkawari, kuma zan cika.

Duk wanda ya san kasuwar Sabon Gari ya san akwai iyayenmu 'yan kasuwa da suka shekara da shekaru suna bin hanyar Katsina zuwa Jibiya, su ƙetare ta Magama su shiga Ɗan Isa har Maraɗi. Da yawansu sun mallaki gida ko shago ko fili a Jibiya, don su sami wurin sauka da ajiye kaya. Marigayi mijin Gwaggo yana cikinsu. Gida ne mai ɗaki huɗu, da shago biyu a gaba, da wata babbar darbejiya a ƙofa. Da Allah ya yi masa rasuwa aka raba gado, gidan ya faɗo a kason Gwaggo da 'yan matanta. Ita kuwa tana nan Tudun Wada, zuwanta gidan bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Wani tsohon aminin mijinta ne yake karɓar kuɗin haya ya aiko mata duk shekara, har shi ma ya riga mu gidan gaskiya.

Ƙafar mutanenmu ba haka kawai ta ɗauke daga wannan hanya ba. A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, kasuwanci ya tsaya cak. A 2021 ta'adin 'yan bindiga ya kai gwamnatin Katsina ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Jibiya da Funtuwa, aka yi watanni ba ka jin ɗuriyar naka. Ana cikin farfaɗowa sai ga juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, aka sake garƙame iyaka, ba a buɗe ta ɓangarenmu ba sai a Maris ɗin 2024. Rashin tsaron nan gaskiya ne. An kashe mutane, an sace wasu, ƙauyuka sun watse sun shigo gari. Ba na so wani ya karanta rubutuna ya ɗauka ina raina wahalar da mutanen can suka sha. Abin da ya ƙona mani rai shi ne yadda wasu marasa tsoron Allah suka mai da wannan masifa jari.

Wata rana bayan la'asar wayar Gwaggo ta yi ƙara. Mai kiran ya yi sallama cikin ladabi, ya yi wa marigayi addu'a, ya ambaci sunansa har da laƙabin da abokan kasuwa kaɗai suke kiransa da shi. Ya ce shi ɗan kwamitin tsaron unguwa ne. Ya siffanta mata gidan tas, har da darbejiyar, har da tsagewar da ke jikin katanga ta gabas. Wa zai ji wannan ya yi shakka? Ya ce, "Mama, kowane gida yana ba da kuɗin 'yan sintiri duk wata, naku ne kaɗai ya rage. Ni na riƙa biya muku daga aljihuna saboda mutuncin Alhaji." Gwaggo ta ji kunya, ta yi ta godiya, ta aiki jikanta wurin mai POS ya tura.

Da farko kuɗin ba su taka kara sun karya ba, shi ya sa ba ta faɗa wa kowa ba. Wata ya bi wata. Sai ya fara turo hotuna ta WhatsApp: ƙofa a ɓalle, kwano a yaye, ɗaki wayam. Ya ce ɓarayi sun shigo da dare, 'yan haya sun tsorata sun tashi, gida ya zama kango, ana buƙatar kuɗin ƙofar ƙarfe da na mai gadi. Da Gwaggo ta ce bari ta turo ɗanta, wato ni, in je in gani, sai muryarsa ta sauya. Ita da kanta ta maimaita mani kalamansa: "Mama, don girman Allah kada ki turo shi. Akwai masu kai wa mutanen daji rahoto. Da an ga baƙo daga Zariya an san mai gida ne, ba zai koma ba. Ni dai na fita haƙƙinki."

A nan damfarar take gaba ɗayanta. Wace uwa ce za ta ji haka ta tura ɗanta? Da kalma biyu ya toshe hanyar da za a bi a gane ƙaryarsa, ya kuma zama mai ƙaunarta a idonta. Gwaggo ta yi watanni ba ta ko ambata mani Jibiya, don kada in ce zan je. Dare ya yi ba ta barci, tana lissafin gidan marayu da ke lalacewa ga shi ba ta da yadda za ta yi.

Daga nan ya shigo da maganar jirgin ƙasa. Kowa ya san aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Aikin gaskiya ne, shi ya sa ƙaryar da aka jingina a jikinsa take shiga. Ya ce ana rubuta gidajen da za a biya diyya, ta ɗauki hoton takardun gida da katinta na ɗan ƙasa ta turo maza kafin a rufe rajista. Ta tura. Bayan mako biyu ya dawo ya ce layin bai biyo ta unguwarsu ba, amma Allah ya kawo wani Alhaji da zai sayi kangon a yadda yake. Kuɗin da ya ambata ko rabin darajar shagunan biyu ba su kai ba. Ya haɗa ta da "Alhajin" a waya, shi kuma ya riƙa jan aji, wai taimako kawai zai yi, wa yake sayen gida a bakin iyaka a wannan zamani? Suka ce ta ba direba takardun asali a tashar Kwangila, in sun isa za ta ji kuɗi sun shigo.

Takardun suna cikin ambulan, an naɗe da leda, saura kwana biyu a kai tasha, sai Allah ya kawo mafita ta inda ba a zata ba. Matar ɗaya daga cikin 'yan hayar ta kawo mahaifiyarta asibitin Shika, ta ce ba za ta koma ba sai ta nemi gidan Hajiya ta gaishe ta. Ina zaune a tsakar gida ta yi sallama. Bayan an gaisa, Gwaggo ta fara yi mata jaje, tana tambayar inda suka koma da zama. Matar ta yi sororo, ta ajiye kofin ruwan da ke hannunta, ta ce, "Hajiya, koma ina? Ai muna nan cikin gidan. Ko bana mun biya haya a hannun wakilinki." Gwaggo ta miƙa mata waya ta nuna mata hotunan. Ta duba ta sake dubawa, ta ce wallahi wannan ba gidansu ba ne, su ƙofarsu shuɗiya ce, kuma ba wanda ya taɓa ta. Na ga hannun Gwaggo yana rawa har wayar ta suɓuce ta faɗi kan tabarma.

Ashe baki biyu yake ci. Mu ya ce mana 'yan haya sun gudu, su kuma ya ce musu Hajiya ta naɗa shi wakili, ya nuna musu hoton takardun da na katinta a matsayin shaida. Da na je daga baya, na tarar har ya karɓi kafin alƙalami a hannun wani mai sayar da hatsi, da sunan zai sayar masa da shago ɗaya. Mutumin nan ba baƙo ba ne. Yaro ne da ya taso yana yi wa tsohon aminin marigayi aike-aike, a nan ya haddace sunaye da lambobin waya da sirrin gidajen da masu su suke nesa. Mai unguwa ya shaida mani ba gidanmu kaɗai ya taɓa ba, kuma duk waɗanda ya zaɓa iri ɗaya ne: matan da mazansu suka rasu, da tsofaffi, da magadan da ba su san garin ba.

E, na je. Ban yi gangancin tafiya a makance ba, kuma ba na ce wa kowa ya yi. Na tambayi direbobin da ke bin hanyar kullum, na kwana a Katsina, na shiga Jibiya da hantsi, ban sanar da kowa ranar zuwana ba sai mutum ɗaya da na amince da shi, na fito kafin la'asar. Na tarar da gari cike da mutane, ana ciniki, yara suna tafiya makaranta, ga kuma damuwa a fuskokin jama'a wadda ba ta ɓoyuwa. Da na durƙusa gaban mai unguwa na ce, "Ranka ya daɗe, kuɗin sintirin da muke turowa fa?" sai ya girgiza kai ya sa aka ɗauko littafi. Karo-karon unguwa yana nan, ana yi, amma a fili ake karɓa, a rubuta sunan gida, kuma wanda ke zaune a gidan ne yake bayarwa. Sunan gidanmu yana ciki, 'yan hayar ne suke biya tun da can. Ban da wannan, akwai rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023, su kuwa gwamnatin jiha ce ta ɗauke su, ba masu bin gidajen mutane a waya suna neman a tura kuɗi asusun wani ba ne.

Da na zauna na bi takardun POS ɗin da jikan Gwaggo ya riƙa tarawa a cikin gwangwanin madara, sai na ga abin da ya kamata ya farkar da mu tun ranar farko: sunan da ke kan asusun daban yake da sunan da mutumin ya faɗa, kuma sau uku yana sauya asusu. Don Allah duk mai tura wa iyayensa kuɗi, ko mai kai musu aike wurin mai POS, ya riƙa karanta sunan da ya fito kafin a danna. Waɗannan 'yan takardu su ne hujjarmu a yau, domin kowane asusu yana ɗaure da BVN ko lambar ɗan ƙasa, layin waya ma yana ɗaure da lambar ɗan ƙasa. Kada a yar da su, kada a goge saƙonnin murya.

Maganar takardun gida ita ce ta fi tayar mani da hankali. Mutanenmu suna ganin hoto ba komai ba ne tunda ta asali tana cikin akwati. Da hoton nan kaɗai aka karɓi hayar shekara, aka kuma karɓi kafin alƙalami. Ba a biyan diyyar gwamnati ta WhatsApp. Jami'ai ne suke zuwa su auna a gaban masu unguwa da dagatai, mai abu ko wakilinsa na gaskiya yana tsaye. Kuma a ƙarƙashin dokar mallakar ƙasa ta 1978, gidan da ke da takardar shaidar mallaka ta gwamna ba ya sauya hannu a hukumance sai da amincewar gwamna. Yadda muke da KADGIS a nan jihar Kaduna, haka Katsina take da KATGIS, inda ake bincika ko sunan wa ke kan fili. Mai saye ma ya ji wannan, domin mai hatsin nan da ya ba da kuɗinsa a kan hoton waya, shi ma yanzu kuka yake. Gidan gado kuwa, in ba ka ga magada ido da ido ba, ko takardar rabon gado daga kotu, kada ka ba da ko sisi, kome daɗin bakin dillali.

Na ji kuma ana yawo a wasu majalisu nan Zariya da tallar fulotai "dab da tashar jirgi" a Jibiya, wasu har a tsallaken Maraɗi, ana nuna taswira a waya ana cewa a yi sauri kafin su ƙare. Salon ɗaya ne aka juya shi: mai gida a tsorata shi ya sayar da arha, mai kuɗi a kwaɗaita masa ya saya bai gani ba, kuma dukansu a ce musu hanya ba kyau, kada su zo. Na tsallake ma ya fi haɗari, tunda dokar ƙasarsu daban, takardunsu da Faransanci, ba ka san abin da aka miƙo maka ba.

Idan kana da gida a can kuma ba ka iya zuwa, ka riƙe lambar ɗan hayarka da kanka, ka riƙe ta mai unguwa da ta maƙwabci ko limamin masallacin layin, mutanen da ba bakinsu ɗaya ba. In an ce an fasa ƙofa, a kira ka ta bidiyo a tsaye a ƙofar, ka ga layin, ka ga fuskar wanda ka sani. In za ka naɗa wakili, a rubuta a gaban shaidu, a kai wa mai unguwa kwafi, 'yan haya su ji daga bakinka. Kada kuma ka hau Facebook kana cigiyar mai saye kana bayyana cewa gida ba kowa, mai shi yana Zariya. Ba masu saye kaɗai ke karantawa ba.

Mun kai ƙara wurin 'yan sanda a can, mun kuma rubuta koke zuwa ga EFCC tare da takardun tura kuɗin da saƙonnin muryarsa. Dokar zamba ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga wanda kotu ta kama da karɓar dukiyar mutane ta hanyar yaudara. Shi dai ya tsere tun ranar da ya ji matar nan ta dawo daga Zariya, layukansa duka a kashe. Mutanen unguwar sun ce ba zai rasa buɗe sabon layi ya nemi wasu ba, domin lambobin da ya tara suna da yawa.

Shi ya sa nake roƙon duk wanda ya karanta wannan, ya je ya zauna da mahaifiyarsa ko gwaggonsa ko kawunsa da ke da wani abu a Jibiya, ya tambaye su a hankali ko akwai mai kiransu a kan maganar gida. Ba lallai su faɗa da farko ba. Gwaggo ta ɓoye mani kusan shekara guda, ba don komai ba sai don tsoron kada in kama hanya. Takardun yanzu suna hannun babbar 'yarta, 'yan haya kuma suna turo kuɗi kai tsaye asusunta. Ranar Litinin in Allah ya kai mu zan koma Jibiya, mai unguwa ya kira zama da mai hatsin nan a kan kuɗinsa.