Kayan gyaran mota a gida: wanne ya kamata ka fara saya a Zariya?

Duk mai mota a Zariya ya san irin ranar da ake ɓatarwa a gareji kan aikin da bai kai awa ɗaya ba. Ka kai ta da hantsi don a juye mata baƙin mai, oga ya tafi Sabon Gari sayo kayan wata motar, yara na jiran ya dawo, kai kuma kana kan benci har a kira la'asar. Abin da ya sa na fara tara kayan aiki a gida ke nan, kuma tun daga lokacin abokai suke tambayata wanne za su fara saya. Mutum yakan zo da ɗokin na'urar karanta kwamfutar mota da ake haɗawa da waya, ni kuwa sai in mayar da shi kan ƙarfen da zai riƙe motar a samansa, domin nan ne kuɗin farko ya kamata su tafi.

Jek iri uku za ka tarar a kasuwa. Akwai mai kama da almakashi wanda yake zuwa a but ɗin mota. An yi shi ne don canjin taya a bakin hanya, gindinsa siriri ne, iska mai ƙarfi ko ɗan turi na iya karkatar da shi. Akwai mai siffar kwalba, mai aiki da mai, wanda yake da ƙarfi ga araha, ba ya kuma cin wuri. Matsalarsa tsayi: ƙananan motoci irin Corolla da Civic da Golf ƙasa-ƙasa suke, sau da yawa ba ya shiga ƙarƙashinsu, balle idan taya ta sace. Ya fi dacewa da Hilux ko bas. Na uku shi ne mai tayoyi da dogon hannu, wanda ake turawa ƙarƙashin mota. Ya fi sauran tsada da nauyi, amma ga mai ƙaramar mota shi nake zaɓa. Corolla ba ta kai tan ɗaya da rabi ba, kuma gefe ɗaya kake ɗagawa, saboda haka mai tan 2 ya isa. Kafin ka biya, ka sa a ɗaga shi a shagon, ka hau kansa da nauyinka na ɗan lokaci, ka duba ko yana sauka da kansa ko mai na tsatsowa ta bakin sandar.

Sai dai ko wanne ka saya, jek na ɗagawa ne kawai. A jek mai aiki da mai, abin da ke riƙe mota a sama wata 'yar roba ce a cikinsa, ranar da ta gaji kuwa ba ta sallama. Shi ya sa tilas ne a sayi ƙafafun ƙarfe guda biyu da ake ɗora motar a kai, waɗanda 'yan kasuwa ke kira stan. Na san al'adarmu ita ce bulo. Ni ma da bulo na fara, har ranar da nake canja fad ɗin birki a tsakar gida, na juya in ɗauko safana, na ji ƙara, bulon ya dare biyu, motar ta zauna a kan faifan birki. Da hannuna na ciki da labarin ya sha bamban. Bulo na ɗaukar nauyin gini ne saboda nauyin ya bazu a kansa, amma idan ƙarfe ya danna shi a wuri ɗaya fashewa yake yi nan take.

A nan za ka zaɓa tsakanin stan na shago da na mai walda. Na shago yana da haƙora da ake daidaita tsayi da su, kuma an rubuta nauyin da yake ɗauka. Na mai walda, irin wanda ake ƙerawa a nan gari ko a Panteka ta Kaduna, yana iya fin na shago kauri idan aka dace da gwani, amma babu wanda ya gwada shi, ingancinsa na hannun wanda ya yi waldar. Idan shi za ka yi, ka tsaya a yi shi da bututu mai kauri, gindi mai faɗi, da fil ɗin ƙarfe da ke ratsa shi gaba ɗaya. Ni dai na shago nake shiga ƙarƙashinsa. Ka kuma dubi inda za ka yi aikin. Wanda gidansa ke da daɓen siminti a Hanwa ko Samaru ya huta. Wanda yake aiki a ƙofar gida a cikin Birni, kan ƙasa, ya nemi katako mai kauri ya shimfiɗa ƙarƙashin jek da stan, musamman da damina lokacin da ƙasa ke nutsewa, ya kuma tare tayoyin da ke ƙasa da dutse ko itace.

Bayan wannan sai safana da soket, kuma nan ne ake yawan yaudarar ido. Za a buɗe maka akwati mai kaya sama da ɗari, suna ta sheƙi, a ce maka, "Alhaji, wannan ka saya ka gama." Gaskiyar magana, abin da za ka riƙa taɓawa bai wuce goma ba. Motocin Japan, Toyota da Honda da Nissan, kusan duk notinsu lamba 8, 10, 12, 14, 17 da 19 ne. Motocin Turai irin Golf da Peugeot sun fi son 13 da 16, ga kuma sukurori masu kan tauraro da ake kira Torx, waɗanda sukudireba ta yau da kullum ba ta kama su. Notin tayar Corolla 21 ne, na Honda 19, na Golf 17. Ka san motarka kafin ka shiga kasuwa.

Zaɓi uku ne a gabanka. Akwai sababbi marasa suna, masu arha, waɗanda bakinsu ke buɗewa da zarar noti ya yi gardama, su cinye kansa ya zama mulmulalle, aikin minti biyar ya koma na mai walda. Akwai sababbi masu suna irin Ingco da Total da Stanley, waɗanda suka ishi mai aikin ƙarshen mako. Sannan akwai na gwanjo da ake baje wa a ƙasa, inda idan kana da haƙurin tono za ka ci karo da tsohuwar safanar Jamus irin Gedore, ta yi baƙi amma bakinta na nan daram. Rubutun Cr-V a jikin ƙarfe, mai nuna irin ƙarfen da aka yi shi da shi, ba shaida ba ce, kowa na bugawa. Gwajin da na yarda da shi shi ne in tafi da sabon noti lamba 10 da 14 a aljihu, in sa a bakin safanar, in ji ko tana rawa. A soket kuma ka ɗauki mai kusurwa 6, ya fi mai 12 riƙe noti mai tsatsa. Ƙaramin saiti mai kyau da dogon hannu ɗaya na kwance notin taya ya fi babban akwatin nan amfani nesa ba kusa ba.

Akwai safana guda da mutane ke gani kamar almubazzaranci, wato mai auna ƙarfin ɗauri, wadda ke yin ƙas idan noti ya kai iyakarsa. Notin tayar Corolla ana ɗaure shi a 103 Nm, wato ma'aunin ƙarfin ɗauri, na Honda Accord a 108. Mu kuwa mun saba ganin yaron mai faci ya hau kan safana da ƙafa yana tsalle. Haka ake tsinka bol, haka kuma ake lalata zaren fulogi a kan injin da aka yi da alminiyam, gyaran da kuɗinsa ya ninka kuɗin safanar. Ba ita ce ta farko ba, amma idan za ka riƙa taɓa fulogi da birki, ka sa ta a lissafi.

To, sai na'urar da kowa ke tambaya, mai karanta kwamfutar mota. Motocin da aka yi don kasuwar Amurka daga 1996, da na fetur na Turai daga 2001, suna da soket mai baki 16 ƙarƙashin sitiyari, tsarin da ake kira OBD2. Ƙaramar na'urar ELM327 tana shiga nan, ta yi magana da wayarka ta Bluetooth da manhaja irin Torque. Ita ce mafi arha, amma jabunta sun cika kasuwa, wasu ba sa haɗuwa da wasu motocin, don haka kada ka biya sai an gwada a taka motar. Mai allo a jikinta, irin ƙananan Autel da Launch, ba ta buƙatar waya kuma ta fi jure wahala. Dukansu biyu, a matakin arha, injin kawai suke karantawa, ba su cika ganin matsalar giya ko birkin ABS ko jakar iska ba. Amfaninsu shi ne ka je gareji da saninka, domin idan wutar gargaɗin inji ta kama sukan nuna maka lambar matsalar. P0301 na nufin silinda ta 1 ba ta ƙona mai daidai, abin da kan iya zama fulogi ko koyil. P0420 na nuni ga abin nan mai tace hayaƙi na cikin salansa da makanikai ke kira indomi. Lambar tana nuna inda za a duba ne, ba ta ce a sayi sabon abu ba, kuma goge ta ba gyara ba ne, wutar za ta dawo.

Mitar auna wuta kuwa ko mai arha ta wadatar. Batir mai lafiya yana nuna kusan volt 12.6 idan mota na kashe, idan an tayar kuma ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. Wannan kaɗai zai gaya maka ko batir ne ya mutu ko altaneta ce ba ta caji, kafin a sa ka sayen wanda ba shi ne ya lalace ba. Bindigar kwance noti mai aiki da iska da kwamfaresa ka bar wa masu sana'a, da irin wutar da muke samu ba za su biya kuɗinsu a gida ba.

Kan kayan da ake sakawa a motar, ra'ayina a tsaye yake. Ƙofa, madubi, fitila, altaneta, duk ana iya sayen na Beljiyam, sau da yawa ma sun fi sabon jabu. Amma fad ɗin birki, filta, fulogi da bel, sababbi kawai, daga shagon da za ka iya komawa gobe. Baƙin mai kuma ka bi abin da aka rubuta a murfin injin ko littafin motar. Corolla ta 2003 zuwa 2008 an rubuta mata 5W-30, tana shan kusan lita 4, amma za a ce maka zafin Arewa sai 20W-50 mai kauri. Mai kauri yana jinkirin isa saman injin da sanyin safiya, kuma duk wanda ya kwana a Samaru cikin Janairu ya san sanyin da ake nufi. Lokacin hunturu ka riƙa buɗe filtar iska duk bayan 'yan makonni, ƙura na toshe ta da wuri, aikin kuma ko safana ba ya buƙata a yawancin motoci.

Abubuwa uku ba na taɓawa a gida ko da ina da kayan: sifirin ɗin shokazoba, jakar iska, da cikin giya. Sifirin da aka matse idan ya kuɓuce yana iya karya muƙamuƙi. Waɗannan nakan kai wa wani dattijon bakanike da na daɗe da shi, wanda ranar da na fara nuna masa lambar da na karanto da wayata ya ce, "Madalla, ɗana, yau ka rage mini rabin aiki." Shi ne kuma yake karɓar tsohon baƙin man da na juye. Ka tanadi faranti mai zurfi da jarka mai murfi tun ranar da ka sayi jek, kada man ya bi kwata zuwa rijiyar maƙwabta.