Shekara shida da tsohuwar Corolla 2005: abin da ta ci da wanda ni na ɓarnatar da hannuna

Mutane suna yawan tambayata wai tsohuwar motar nan bata ƙarar dani ba, shine nace bari in zauna in rubuta gaba ɗaya in huta. Corolla ce ƙirar 2005, mai injin 1.8 ɗin nan da ake kira 1ZZ-FE, giyarta otomatik mai hawa 4. Ta hannu na saya, lokacin ta ci kilomita 190,000 da ɗoriya, yanzu tana neman 280,000. Ba zan kawo farashi ba don kuɗin kaya ya danganta da inda mutum yake kuma kullum canzawa yake, ni da cikon tanki nake auna gyara, tankinta lita 50 ne, to in nace abu ya ci tanki ɗaya kun gane nufina.

Gaskiyar magana motar bata da tsadar gyara. Kuɗin da suka fi yi min ciwo ba lalacewa ce ta cinye su ba, canki-canka ce da kuma sakacina.

Bari in fara da wanda har yanzu in na tuna raina yake ɓaci. A shekarar farko wutar injin ta kama a dashbod, da safe in na tada ta sai ta riƙa rawa tana neman mutuwa a sulo, in ta yi zafi kuma ta koma daidai kamar ba ita ba. Na kai wa wani bakanike, ko bonet bai gama buɗewa ba yace "Oga fulogi ne". Aka canza. Bayan kwana biyu wuta ta dawo, yace to nozul ne sai an wanke, aka wanke, ta sake dawowa, yace ai dama shi tun farko famfon fetur yake zargi. Shima na saya. Tanki huɗu suka tafi a haka motar tana nan jiya i yau. Sai wani abokin aikina ya haɗa ni da wani dattijo mai aiki da sikana, na'urar nan mai karanto matsalar mota daga kwamfutarta, ya jona a ƙasan sitiyari minti biyu ta fito da P0171, ma'ana iska ta fi fetur yawa a abin da injin yake ƙonawa. Ya bar ta a sulo ya ɗauko gwangwanin feshi ya ɗan fesa a inda manifol, wato bututun da iska ke bi ta shiga injin, ya haɗu da kan injin, nan take ƙarar injin ta canza. Ya kalle ni yace "Malam ga ɓarawonka nan". Gasket ne na roba siriri, tsufa yasa ya bushe ya lafe, in da sanyi sai ya tsuke iska ta riƙa satar hanya, in injin yayi zafi ya ɗan kumbura ya toshe. Sananniyar matsala ce a wannan injin, sabon gasket ɗin ma ruwan lemo ne ba baƙi irin tsohon ba. Da kaya da kuɗin aiki ko rabin tanki basu kai ba. Ya kuma ciro sensan iska dake kusa da filta ya wanke da feshinsa na musamman, yace kar in taɓa yarda a sa mata yatsa ko burushi. Tsohon famfon fetur ɗina yana nan a kwali lafiyarsa ƙalau.

Na biyu kuma laifina ne ɗari bisa ɗari. Na fi wata uku ina ganin wani busasshen abu fari-fari a jikin famfon ruwa gefen da bel yake, ga wata ƴar ƙara gurr-gurr, ni kuma sai dai in ƙara ruwa a lagireto in wuce, ruwan famfo ma kuwa ba mai launin nan da aka yi don mota ba. Ranar da zata nuna min, cikin cunkoso ne da rana tsaka, na duba naga allurar zafi ta haura tana neman ja. Allah ya taimake ni na gani da wuri na gangara gefe na kashe. Injin nan alminiyom ne, baya jure tafasa, in ka matsa masa kan injin ya lanƙwashe gasket ɗin sama ya ƙone ruwa ya haɗu da baƙin mai, daga gyaran tanki ɗaya da rabi sai ka koma na tanki goma ko ka fara neman wani injin. Da aka buɗe kuma sai muka tarar babu tamostat kwata-kwata, wani can baya ya cire ya yar wai don kar mota tayi zafi. Ashe shi yasa take shan mai fiye da ƙima, don tamostat ɗin sai ruwa ya kai wajen digiri 82 yake buɗewa, in babu shi injin ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, kwamfutar motar kuma tana ta ƙara masa fetur tana zaton har yanzu da sanyi. Muka mayar da sabo, shan man ya ragu a satin.

Wani abu da nake so da ita shine sarƙa ce a taimin ɗinta ba bel ba, to babu zancen canza taimin bel duk bayan wasu shekaru. Amma sarƙar da baƙin mai take rayuwa. Tenshinanta, wato abin da ke ɗaure sarƙar ta yi tsauri, yana da ɗan zoben roba da yake fara yoyo in ya tsufa, zaka ga bayan injin ta gefen bel ya jiƙe da mai ƙura ta manne, wasu sai su tsorata ka suce sai an sauke injin alhali zoben nan ko kuɗin lita biyar bai kai ba.

Shan baƙin mai kam akwai. Waɗanda suka fito tsakanin 1998 zuwa 2002 su suka fi yin suna a wannan, ringin fistan yake maƙalewa da dauɗa mai ya riƙa haurawa yana ƙonewa. Tawa da sauƙi amma a wannan shekarun nata dole tana ɗan lasa, tsakanin juye da juye nakan ƙara kusan lita ɗaya. An ce in zo a yi ringi, na lissafa naga kuɗin aikin zai sayi man ƙari na shekaru masu yawa, sai na haƙura. Duk sati nake zaro sandar in duba, 5W-30 nake zuba mata kamar yadda littafinta yace, masu cewa a zuba mai kauri don ya rufe ɓaraka ban bi tasu ba, mai kauri baya saurin zagayawa da safe kuma lokacin ne injin yafi cin kansa. Illa dai man da yake ƙonewa yana kashe katalis ɗin salansa mai tace hayaƙi a hankali, in kaga P0420 to shine, kuma yana cikin masu tsada.

Sauran ƙananan abubuwa ne na tsufa. Kwayil huɗu ne kowane fulogi da nasa, in ɗaya ya mutu mota zata riƙa tsalle, sikana zata gaya maka wanne ne daga P0301 zuwa P0304, ɗayan zaka canza ba duka ba. Na taɓa sayen mai araha marar suna, wata biyu yayi. Kik ya taɓa yi min ƙas-ƙas ba tashi, na ɗauka batir ne ashe ƴan tagullan cikinsa ne suka cinye, su kaɗai aka canza. Ƙasanta kuwa shokazoba, bushin, bol joyin, boris na taya, kujerar injin, duk na bi su ɗaya bayan ɗaya, kowanne rabin tanki zuwa biyu. Wanda ya girgiza min aljihu shine kwamfuresan AC, tanki shida cif. Giya bata taɓa bani matsala ba, manta kawai nake canzawa da irin wanda aka rubuta mata, kuma duk mai shirin saye ya fara zaro sandar man giya ya shinshina, in baƙi ne yana warin ƙuna ya juya ya tafi ko nawa aka rage masa.

Abu biyu da ya kamata mai irinta ya bincika da lambar bodin nan mai haruffa da lambobi 17. A 2010 Toyota ta yi kiran a dawo mata domin gyara da Corolla da Matrix sama da miliyan ɗaya ƙirar 2005 zuwa 2008 a Arewacin Amurka saboda kwamfutar injin da kan sa mota ta mutu a kan tafiya. Sannan ga jakar iskar kariya daga hatsari ta kamfanin Takata ta ɓangaren fasinja wadda kan fashe da ɓaraguzan ƙarfe, ƙirar 2003 zuwa 2008 suna ciki. Wannan ba abin wasa bane, a tabbatar an canza.

Ba wai bata da abin haushi ba, a babban titi akwai ƙara a ciki sai ka ɗaga murya, giya 4 ɗin nan in zaka wuce babbar mota sai ka taka totur har ƙasa tayi kuka kafin ta tashi, fentin rufinta ya fara ɓarewa, hannun ƙofar baya ya taɓa karyewa a hannun ɗana. Amma in maki ne zan bata 8 cikin 10, kayanta ko'ina akwai, kuma bonet ɗinta da fili hannu yana shiga ko'ina shi yasa kuɗin aiki baya yawa.

Yanzu abin da nake jira shine mitar kilomita, don irin waɗannan in suka kai 299,999 tsayawa suke cak, motar tana tafiya lamba bata motsi. Saura min kamar 20,000. Dattijon nan yace in sayi ɗan littafi in ajiye a aljihun dashbod in riƙa rubuta ranar juye tun yanzu, na saya, har na rubuta biyu a ciki.