Gargaɗi kan mai garin ƙiba da ke yawo a kasuwanninmu

Assalamu alaikum. Iyaye mata na ƙauyukan Ringim da Taura, musamman masu shirin aurar da 'ya'ya bayan kaka, don Allah ku karanta, ku kuma isar wa waɗanda ba su da waya.

Akwai wani mutum da ke bin kasuwannin mako da mota mai lasifika, yana tallar wani jan gari a ƙullin leda, naira 2,000. Wai saiwoyi ne ya gada, suna sa ƙiba, suna korar sanyi, amarya ta ciko cikin sati biyu. Babu lambar NAFDAC, ko suna babu a jiki.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce. Wata baiwar Allah ta kawo mana ragowar garin tare da 'yarta. Da na baza shi a faranti, sai ga ɓarɓashin farar ƙwaya da ba ta daku ba. Yaron da ya taɓa yi masa daka ya tabbatar mana ƙwayar deksa ce, wato deksametason, irin wadda ake haɗawa a sha-ka-fashe.

Deksa magani ce, likitoci na bayar da ita a kan ƙa'ida. Amma ga abin da mai tallar garin ba zai faɗa muku ba. A saman kowace ƙoda Allah ya ɗora wata 'yar tsoka da ke fitar da sinadarin kotisol. Shi ke riƙe bugun jini da suga a daidai, shi ke tallafar jiki idan zazzaɓi ko naƙuda ta zo. Deksa kwaikwayonsa ce, sai dai ta fi shi ƙarfi kusan sau 25. Idan aka wuce sati 3 ana sha, tsokokin nan na iya daina aiki, kamar manomin da ya ga ana kawo masa hatsi kullum ya rataye fartanya.

Abin da ake gani kuwa ba ƙibar lafiya ba ce. Yarinyar nan fuska ta yi tulu-tulu, tumbi ya fito, ga tozo a bayan wuya, amma hannu da ƙafa sun sirance. Nankarwa mai duhu duk ta tsaga mata ciki, al'adarta ta rikice, tana kwana tashi fitsari. Da muka auna, suga ya hau, jini ya hau. Shekararta 17. Mahaifiyarta ta ce da maƙwabta har barka suke yi mata, wai yarinya ta yi kyau. Wallahi maganar nan ta tsaya mini a rai.

Wadda ta riga ta jima tana sha, kada ta yanke rana ɗaya. Jikinta ba ya haɗa nasa sinadarin yanzu, don haka amai, jiri da kasala na iya taso mata, jini ya faɗi, har a rasa rai. Ku kai ta babban asibiti da ragowar ƙullin a hannu, ku faɗi gaskiyar tsawon lokacin da ta yi tana sha, likita zai janye mata a hankali. Tsofaffin da ke sha don ciwon gwiwa ma haka, domin deksa tana cinye ƙarfin ƙashi.

Wanda ya ga motar ya rubuta lambarta, ya sanar da sarkin kasuwa ko dagaci, a kai wa NAFDAC rahoto a Dutse.