Yawon tarihin baƙaƙen fata a Alabama: jagorar ta fi kamfanin

Kamfanin yana kwasar mutane daga Atlanta da sassafe a babbar bas, ya kai su Birmingham da Selma da Montgomery, a kwana a otal, washegari da daddare a dawo. Kuɗin kujera ya haɗa da otal da tikitin gidajen tarihi, abinci kuwa kowa tasa ta fisshe shi. Bas ɗin tsaf take, direban bai ɓata mana lokaci ba. Tafiyar ta ci kuɗinta, amma in gaskiya ake so, dattijuwar da suka ba mu a matsayin jagora ce ta ɗauke ta, ba tsarin kamfanin ba.

Birmingham aka fara. A dandalin Kelly Ingram akwai wata ƴar siririyar hanya da mutum zai bi tsakanin bango biyu, karnukan ƙarfe sun fito daga kowane gefe baki buɗe. A nan ne cikin Mayun 1963 Bull Connor, kwamishinan da ƴan sandan birnin ke ƙarƙashinsa, ya sa aka saki karnuka da ruwan mesar kashe gobara a kan ɗalibai masu zanga-zangar adawa da wariyar launin fata. Tsallaken titi ga cocin 16th Street Baptist, inda bam ya kashe ƴan mata huɗu ranar 15 ga Satumba na shekarar. An ba mu isasshen lokaci a nan, ba ni da ta cewa.

Inda nake da ta cewa shi ne bidiyon da kamfanin ke kunnawa a bas. Labarinsa ɗaya ne: an fito titi, an sha duka, duniya ta ga hotuna, sai doka ta canza. Yana ƙarewa dattijuwar ta karɓi makirfo ta kawo zancen Albany ta jihar Georgia, wadda ba ta ma cikin jadawalin. A 1961 da 1962 mutanen can sun fito ƙwansu da kwarkwatarsu, Martin Luther King da kansa ya je har aka kulle shi. Sai dai shugaban ƴan sandan garin, Laurie Pritchett, ya karanci dabarunsu. Ya hana yaransa duka a gaban kyamara, ya riƙa kama mutane cikin ruwan sanyi yana rarraba su a gidajen yarin gundumomin da ke kewaye, don kada nasa ya cika. Aka watse ba a samu wani abin kirki daga hukumomin garin ba. Ga mutane iri ɗaya, ga jarumta iri ɗaya, amma wayon ɗan sanda guda ya sa sakamakon ya bambanta. Wannan minti goman ya fi mini bidiyon gaba ɗaya.

Selma ce aka cuta. Rabin awa aka ba mu, kuma kusan duk ta tafi a ɗaukar hoto a gadar Edmund Pettus, wadda har yau take ɗauke da sunan janar na sojojin Kudu masu kare bauta. A kanta ne ranar 7 ga Maris 1965 ƴan sandan jiha da mutanen Jim Clark, shugaban ƴan sandan gundumar, suka far wa masu tattakin neman ƴancin zaɓe kusan 600 da kulake da barkonon tsohuwa, suka fasa wa John Lewis, ɗaya daga cikin jagororin tattakin, kai. Ba a kai mu cocin Brown Chapel inda tattakin ya taso ba. Haka a babbar hanya mai lamba 80, mil 54 ɗin da aka taka zuwa Montgomery, bas ta wuce wurin tunawa da Viola Liuzzo ko rage gudu ba a yi ba. Baturiya ce daga Detroit, uwar ƴaƴa biyar, ƴan Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu tsananin wariya, suka harbe ta tana jigilar masu tattaki. Ta taga muka hango.

A Montgomery ma jagorar ba ta tsaya ga Rosa Parks kaɗai ba, matar da aka kama don ta ƙi tashi wa farar fata daga kujerar bas. Ta ambaci Claudette Colvin, ƴar shekara 15 da aka kama kan irin wannan dalili watanni tara kafin Parks, da Jo Ann Robinson da ta kwana buga takardun kira ga ƙaurace wa bas. Kwana 381 aka yi ana ƙauracewar, da motocin sa-kai masu kai mutane aiki, kamfanin bas ɗin yana ta asara, kuma abin da ya rufe maganar hukuncin Kotun Ƙoli ne a Nuwamban 1956. Wato aljihu da lauyoyi da tsari sun yi aikin da ihu kaɗai ba zai yi ba. Wurin tunawa da baƙaƙen fatar da aka yi wa kisan gilla, da aka buɗe a 2018, yana da ginshiƙan ƙarfe sama da 800, kowanne da sunan gunduma da sunayen mamatanta. Ku tafi da ƙarfin zuciya.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, labarin kamfanin ya tsaya cak a dokar kare ƴancin zaɓe ta 1965, kamar daga nan komai ya daidaita. Alhali hanyarmu daga Birmingham ta ratsa gundumar Shelby, wadda ƙararta ce ta sa Kotun Ƙoli ta karya wani babban ginshiƙin dokar a 2013. Ba a ce uffan ba. Sai da wani matashi a bayana ya tambayi batun George Floyd, sannan jagorar ta yi bayani: an ɗaure Derek Chauvin, ɗan sandan da ya kashe shi a 2020, shekara 22 da rabi, amma ƙudurin gyaran aikin ɗan sanda mai sunan Floyd ya wuce majalisar wakilai ya maƙale a ta dattawa, kuma har yanzu ƴan sanda na harbe kimanin mutum 1,000 har lahira a shekara. Ba ta ce zanga-zangar 2020 ta tashi a banza ba, ba ta kuma ce ta yi nasara ba.

Wanda zai je ya tambayi wace ce jagorar ranar kafin ya biya, don ba lallai ya dace da irin tamu ba. Mai mota kuma, gara ya ware wa Selma wuni guda nasa na kansa. A tuna agogon Alabama yana bayan na Atlanta da awa ɗaya.