Tsakiyar baya da ƙugu: ɗaya a keji, ɗaya a fili

Ɗan'uwa, ka ce kullum sai ka ji faifan ƙugun wani ya zame, amma ba ka taɓa jin na tsakiyar baya ya zame ba, alhali ƙashin baya ɗaya ne. Faifan nan shi ne matashin guringuntsi da ke tsakanin ƙashi da ƙashi a jerin ƙashin baya. Sirrin yana wajen haƙarƙari.

Tsakiyar baya, daga gindin wuya zuwa inda haƙarƙari ya ƙare, ƙasusuwa 12 ne, likitoci na ce musu T1 zuwa T12. Na ƙugu 5 ne kacal, L1 zuwa L5, sai dai manya ne masu kauri, don su ke ɗauke da duk nauyin da ke sama. Kowane ƙashin tsakiyar baya yana riƙe da haƙarƙari dama da hagu, gajerun jijiyoyi masu tauri sun ɗaure su tamau, bakwai na sama kuma sun zagayo sun kama ƙashin ƙirji ta guringuntsi. Ka ga wurin a keji yake. Ƙugu bai samu wannan gatan ba. Tsoka da jijiya kawai ke tallafe da shi, kuma shi ke sunkuyawa ya miƙe wuni guda. Shi ya sa yawancin zamewar faifai ke faruwa tsakanin L4 da L5, ko L5 da ƙashin da ke ƙarƙashinsa. Ta tsakiyar baya ko kashi 1 cikin 100 ba ta kai ba.

Ka sa wani ya shafa maka tsakanin allunan kafaɗa. Tsinayen da zai ji dogaye ne, sun kwanto ƙasa, wannan ya hau kan wancan kamar kwanon rufi, don haka wurin ba ya gantsarewa sosai. Na ƙugu gajeru ne masu faɗi, sun miƙe baya sak. Amma zauna a kujera ka juya kafaɗu kamar mai waiwaye: yawancin juyin nan tsakiyar baya ce ta yi shi, gaɓoɓin ƙugu ba a yi su don murɗawa ba.

Manyan jijiyoyin ɗauri kuwa, tsakiyar baya da ƙugu tarayya suke yi a kansu. Akwai doguwa mai faɗi ta gaba, da wata ta baya a cikin ramin laka, da mai ruwan ɗorawa mai talewa kamar roba. Ta bayan nan tana sirancewa idan ta gangaro ƙugu, nan faifai ke samun ƙofar ɓullowa ta gefe ya danne jijiyar ƙafa. Dogayen tsokoki uku da ke miƙar da baya ma duk sun ratsa wuraren biyu, sai dai tsakiyar baya tana da ƙarin tsokokin da ke jan allon kafaɗa, kuma su ne ke ƙagewa ga mai wuni a duƙe kan kwamfuta.

Inda na fi so ka lura shi ne laka. A jikin baligi tana ƙarewa wajen L1 zuwa L2, ƙasa da nan sai zaruruwan jijiya kamar wutsiyar doki. A tsakiyar baya kuwa lakar ce da kanta, cikin matsattsen rami. Tarin fuka idan ya kama ƙashin baya, nan ya fi sauka, har ya bar mutum da ƙusumbi. Ciwon tsakiyar baya da ya zagayo ƙirji kamar ɗamara, ƙafafu suka yi rauni ko fitsari ya ƙi riƙuwa, a ranar ake kai shi asibiti.